Gwangwanin Malam a Cikin Firigo

Ƙil-ƙil. Ƙarar da na ji ke nan wata safiya da na ja murfin firigo zan ɗauko kindirmon fura. Ƴar ƙaramar ƙara ce, irin ta kofunan shayi in sun gogi juna a kan faranti. Na leƙa, sai ga wani gwangwanin madara zaune a kantar sama, daidai inda nake ajiye ragowar miya, an naɗe bakinsa da farar leda mai danƙo. Ita kuwa miyar tawa an sauko da ita ƙasa, kusa da tumatir.

Maigidana yana tsakar gida yana ɗaura igiyar takalmi, zai tafi aiki.

Na ce, "Malam, mi ne ne wannan a wurin miyata?"

Ya ce, "Baƙi na kawo miki. Ba sa ci, ba sa sha, sanyi kaɗai suke so."

"Har yaushe za su zauna?"

"Kwana kaɗan ne."

Shekaru suka yi.

Malam masanin shimi ne, wato ilimin haɗa sinadarai. Ɗan wani ƙauye ne na wajen Tawa, karatu ya ɗauke shi har Faransa, ya dawo da digirin dokta, aka ba shi koyarwa a jami'a can hayin kogi. Ni kuwa daga kolej na tsaya. Na taɓa shimi kaɗan a aji, abin da ya rage mini a kai bai wuce sunan ruwa da na gishiri ba. Da aka yi aurenmu muka zauna a unguwar Goudel, a wani gida mai bishiyar mangwaro, inda in ka fito ƙofa da safe kana jin ƙamshin albasa da jiƙaƙƙiyar ƙasa daga lambunan bakin kogi. Allah ya ba mu maza biyu, sai daga baya ɗiya mace, auta. Mahaifiyar Malam, wadda duk muke kira Inna, ta baro ƙauye ta dawo wurinmu da ƙafafunta suka fara ba ta wahala.

Inna ce ta sa na gane aikinsa, don ita ba ta jin nauyin tambaya. Ran nan muna zaune bayan la'asar tana ɓarar gyaɗa, ta ce, "Kai, ni fa har yau in an tambaye ni sana'arka ban san abin faɗi ba. An ce dokta, amma ko ciwon gwiwa ba ka iya magani."

Ya yi dariya ya gyara zama. Ya ce akwai abubuwa biyu da ake so su haɗu don a sami magani, amma in an zuba su tare sai su zauna suna kallon juna, ko shekara za a yi. Sai a kawo wani abu na uku, ɗan mitsitsi, a sa a ciki. Shi zai kama hannun wannan, ya kama na wancan, ya haɗa su, sannan ya fita yadda ya shiga, ya je ya haɗa wasu. Sunansa katalizer. Shi ne Malam yake ƙerawa.

Inna ta ce, "Ashe dillali ne. Duk tafiyar nan da ka yi ƙasar Nasara, dillanci ka koyo?"

"Dillali ne, Inna, amma wanda ba ya karɓar la'ada."

"To wannan ba ɗan garinmu ba ne."

Ya ƙara mana da cewa yawancin dillalan da ake da su a duniya da wasu ƙarafa ake yin su, masu wuyar samu fiye da zinari. Shi yana neman na tsiro, wanda asalinsa daga ƴaƴan itatuwanmu na nan yake. Ya kuma ɗauko takalman Inna ya jera a gabanta. Ya ce ƙwayoyin magani ma haka suke, da na ƙafar dama da na hagu, kamanninsu ɗaya, amma jiki ɗaya kawai yake karɓa, ɗayan ba shi da amfani, wani lokaci ma cutarwa yake yi. Dillalin kirki shi ne mai fitar da na dama zalla. Inna ta karɓe takalmanta ta ce Allah ya ba da sa'a, amma a daina yi mata wasa da kaya.

Abin da ke cikin gwangwanin ke nan: ƴan kwalabe kamar ɗan yatsa, kowace da garin hoda a gindinta, fari ko ruwan ƙwai mai haske, wanda bai fi a lakata da farce ba. Kowace an manna mata ƴar takarda, ya rubuta suna da alƙalami da ƙananan rubutunsa. Wata kwalbar aikin damina guda ce, wata ta fi. Yana tafiya labo, ɗakin gwajinsu, har ranakun hutu. Ya dafa, ya tace, ya busar, abu ya lalace, ya sake. Sinadaran da yake aiki da su ba a sayar da su a Babbar Kasuwa. Wasu cikin akwatinsa ya shigo da su lokacin da yake tafiye-tafiye, tsakanin riguna, wasu kuma wani abokin karatunsa ne yake aiko masa daga waje.

Dalilin da ya kawo su gida shi ne wuta. A labo in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, firigonsu sai ya zama akwati kawai. Mu kuwa Malam ya kafa mana farantin hasken rana a kan rufi da bateri, ba don fanka ba, ba don telebijin ba, don firigon nan.

Abu biyu ne baƙin ba sa so: zafi da laima. Zafi kowa ya sani. Laima kuwa daga ni sai shi. A gindin gwangwanin akwai wasu ƴan duwatsu shuɗɗa kamar tsakiyar wuya, su ne ke shanye danshi. In sun ƙoshi sai su koma ruwan hoda. Sai Malam ya juye mini su a wani tsohon kasko da na keɓe, in gasa su a kan ƙaramar wuta ina juyawa har shuɗinsu ya dawo. Ina son aikin nan. Nakan yi bisimilla in fara, ina jin ni ma da hannuna a cikin abin da za a ce wata rana ya yi wa bayin Allah amfani.

Gidan da ke da firigo mai sanyi a unguwa irin tamu ba na mai shi kaɗai ba ne. Da azumi kwanuka da robobi suke shigowa tun azahar: zoɓon wannan, kunun ayar wancan, maganin ciwon sukarin tsohon tela. Ba na hana kowa. Kantar sama kawai aka sani ba a taɓawa. Maƙwabciyarmu ta bayan gida, wata dattijuwa Bazabarma da ƴaƴanta ke noman lambu, wadda muke kira Hajiya, ita ta raɗa wa kwalaben suna. In ta shigo sai ta ce, "Ina kwanan jariran Dokta? Sun sha sanyi?" Har sunan ya bi unguwa. Hajiya ita ta karɓi haihuwar autata kafin a kai ga likita. Ba ta taɓa shigowa hannu wofi ba, ko da ganyen salati ne.

Wata rana Malam ya dawo da wuri, bai ko cire hula ba ya kama hannuna a gaban yara, abin da ba ya yi. Ya ce ɗaya daga cikin na baya-bayan nan ya yi. Ya aika da kaɗan wajen abokinsa, sun auna da na'urarsu, kusan duk abin da ya fitar na dama ne. Saura a kai sauran ƴan'uwansa a auna su gaba ɗaya, a gwada su da juna, sannan a rubuta a sanar da duniya. Na'urar da ke wannan awo babu ita a ƙasar nan. Shi da kansa zai kai su in an yi hutu. Ran nan na yi wainar shinkafa na raba wa maƙwabta, Inna ta yi ta sa albarka har da hawaye, ko da yake ta ce har yanzu gwiwarta na nan yadda take.

Sai lokacin nan ya zo da kowa ya sani, da aka rufe iyakoki, jirage suka daina zuwa, biza ta zama labari. Kuran ya koma sai an yi sa'a. Saƙon abokinsa ya daina isowa. Ɗaliban da ya horar, ɗaya ya koma sayar da kayan moto, wato babur, a butikin yayansa, ɗaya ta yi aure ta bi mijinta Agadas. Malam ya ce ba komai, a sanyi da bushewa baƙin za su iya jira. Kullum da safe kafin ya fita sai ya buɗe firigo ya kalli gwangwanin, ba ya ko taɓa shi, ya rufe. Duk abin da ya yi tun dawowarsa ƙasar nan yana cikin gwangwanin nan, kuma ba shi da kayan sake yin wani.

Inna ta rasu cikin damina, lokacin da kogi ya cika har ya fara cin lambuna. Zazzaɓi ne na ƴan kwanaki. Da hantsi ta ce in ba ta ruwa, na ba ta, ta ce Allah ya yi mini albarka, ta juya fuska bango. Kafin azahar an kai ta.

Duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san gidan ba ya zama naka. Maza suka kafa rumfa a bakin titi, Malam ya zauna a kan tabarma tsakanin ƴan'uwansa da suka zo daga ƙauye, daga asuba zuwa isha yana miƙa hannu yana amsa gaisuwa. Ko wanka a gidan maƙwabci yake yi, don cikin gida mata sun cika shi. Ni kuma aka zaunar da ni a ɗakin Inna tare da ƙannensa mata. In na yunƙura zan tashi sai a danna kafaɗata. "Zauna, ke da aka yi wa rashi." Mai makoki ba ya hura wuta, ba ya ɗaukar ludayi. Hajiya ce ta ɗaura zane ta karɓi madafa da tsakar gida, ita da matan unguwa. Ina jin muryarta tana ba da umarni da Zabarmanci da Hausa a haɗe, ina jin daka, ina jin murfin firigo yana buɗuwa yana rufuwa ba iyaka. Masu gaisuwa suna shigowa jiƙe da gumi, wannan ta ce Allah ya jiƙan rai, waccan ta ce fonda tilas da Zabarmanci, kowace a miƙa mata ruwa mai sanyi. A unguwar duka namu ne kaɗai ke da sanyi. Zuciyata tana wajen Inna. Tabarmar sallarta tana naɗe a jikin bango, carbinta a kan ƙusa, ɗakin yana ƙamshin man zafin da take shafawa.

Bayan sadakar uku mutane suka ragu. Da la'asar Malam ya shigo gida karo na farko. Ina jin takunsa ya nufi firigo. Na ji ya buɗe murfin. Sannan ya kira ni, da wata murya siririya da ban san shi da ita ba.

An cire kantar sama gaba ɗaya, an jingine ta a bango. Daga ƙasa har sama ledojin ruwa ne da robobin fura.

Hajiya tana bakin famfo tana wanke manyan tukwane. Da ta gan mu tsaye sai ta share hannu a zane, fuskarta ta washe.

"Dokta, jariranka kake nema? Suna nan lafiya lau. Zo ka gani."

Ta ja mu zuwa lungun da randunanmu suke, ƙarƙashin mangwaro, inda ƙasa ba ta taɓa bushewa. Ga wani buhun algarara a naɗe, jiƙe sharkaf, kamar yadda ake naɗe gora ko bido, wato jarka, in ana so ruwa ya yi sanyi.

Ta ce, "Wuri ya yi mana kaɗan, ga baƙi, ga zafi. Yaran nan kuma buɗe-rufe, buɗe-rufe, na ce wannan firigo ba sauran sanyi a ciki. Na ce kayan Dokta ba za su lalace a hannuna ba. Ni da kaina na ɗauko. Safe da yamma ina zuba ruwa, wallahi ko sau ɗaya buhun nan bai bushe ba. Murfin ma na ɗan ɗaga shi don sanyin ya ratsa su."

Malam ya durƙusa ya warware buhun. Ruwa ya kai rabin gwangwanin. Ƴan duwatsun sun koma ruwan hoda, sun farfashe. Takardun sunayen duk sun saɓule, suna yawo a sama kamar dusa, tawadar ta narke ta rina ruwan. Wasu kwalaben da murafensu suka tsufa ruwa ya shiga, hodar ta zama wani abu mai danƙo kamar ɗanyar daddawa. Wasu suna nan da farin garinsu, tsirara, ba suna.

Na kalli bayan wuyansa. Na ga jijiya tana harbawa. Na ce a raina, ya Allah ka riƙe masa harshe.

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya miƙe, gwangwanin a hannunsa yana ɗiga, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Hajiya. Allah ya saka da alheri. Kin yi mana abin da uwa take yi."

Ta ce, "Haba, mi aka yi? Ai tsohuwar nan ƙawata ce." Ta koma kan tukwanenta.

Ya shiga ɗakinmu ya tura ƙofa. Can sai muka ji shi. Ban taɓa jin kukan Malam ba sai ran nan, wani irin kuka daga ƙirji, kamar ana jan guga mai nauyi. Matan da suka rage a tsakar gida suka juyo wajen ƙofar. Babbar ƙanwarsa ta ce, "Allah sarki, sai yanzu mutuwar ta shige shi." Wata ta ce ai gara ya fitar, tun ranar jana'iza idonsa a bushe yake. Hajiya ta fara sharar hawaye da bakin mayafi tana cewa ɗan kirki, ɗan kirki.

Na bi shi ciki. Yana zaune a ƙasa, ya jingina da gado.

Ya ce, "Kin gan ni? Da hannuna na sa mahaifiyata a rami, ban yi hawaye ba. Ga ni ina kuka a kan hoda."

Na ce, "Malam, hawaye ba ya zuwa da takarda a manne. Allah ya san na wane ne."

"Ni ban sani ba."

"To ka bar wa wanda ya sani."

Ya ce kar in gaya wa kowa, musamman Hajiya. Na ce ko bai faɗa ba.

Da baƙi suka watse ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur ya jera waɗanda ruwa bai shiga ba. Yakan ɗaga ɗaya ya duba ta a hasken taga, ya karkata ta, ya ajiye, ya ɗauki wata. Na zauna kusa ina tsince shinkafa. A idona duk ɗaya suke, kamar a jera maka gishiri da gishiri.

Na ce, "Ba ka gane su ko kaɗan? Kai fa ka haife su."

Ya ce, "Wannan ina zaton ta shekarar da aka haifi auta ce. Ina zato. A aikinmu ba a rubuta zato."

"Wanda ya yi ɗin fa, mai fitar da na dama?"

"Ko yana cikin waɗannan, ko yana cikin waɗanda suka narke."

Na ce to a gwada su ɗaya bayan ɗaya mana, a ga wanda zai yi. Ya ce gwajin yana son sinadaran da suka ƙare tun bara, kuma ko an gwada, sai na'urar can ta waje ce za ta faɗi dama ko hagu. Na ce ai yadda ake yin su yana kansa, ba a jiƙa wannan ba. Ya ce, "Yana nan. Ke ma kin san yadda ake tuwo. In ba gari, ba itace, ba tukunya fa?"

Na ce, "Allah da ya ba da na farko yana nan."

Ya ce, "Yana nan." Ya tattara kwalaben ya zuba a wata leda, ban san inda ya kai su ba.

Hajiya ba ta daina zuwa ba. Da aka yi arba'in ta kawo mana kabewa da yalo cike da kwando. Ta tarar da shi a ƙofa ta ce, "Dokta, jarirai fa?" Ya ce, "Sun girma, Hajiya, an yaye su." Ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta shigo tana ba ni labarin abin da ya ce. Na yi dariyar tare da ita. Da ta fita na shiga madafa na zauna a kan turmi, na daɗe ban tashi ba. Ban taɓa jin haushinta ba, Allah shi ne shaida. Da ma mugunta ce aka yi mana, da mutum ya sami wanda zai kai ƙara wurin Allah. Wannan kuwa alheri ne, sai dai godiya.

Daga nan gidan ya sauya. Malam yana tafiya koyarwa ya dawo tun kafin la'asar. Ranakun hutu yana gida, yana zaune ƙarƙashin mangwaro da rediyo a kunne, ko ya taka zuwa bakin kogi ya tsaya yana kallon masunta suna gyaran koma. Samarinmu suka fara murna, Baba yana duba musu darasi, har ya kai su kallon kokawa. Ni kaɗai nake ganin yadda yake tsayawa a tsakiyar magana ya manta ƙarshenta. Abinci ya rage ci. Sallarsa ta ƙara tsawo, wannan kam na gode wa Allah. Bayan wani lokaci aka ba shi wani biro, wato ofis, a jami'a, na shirya jarrabawa da rabon azuzuwa. Mutane suka zo taya murna, an ce ci gaba ne. Ya sayo lemo aka sha.

Ni dai ban cire rai ba. A kowace sujada ina roƙon a buɗe hanyoyi, saƙo ya zo, ɗalibi mai himma ya faɗo masa, zuciyarsa ta koma inda take. Kaskon gasa duwatsun ban mai da shi cikin kayan girki ba. Wani lokaci nakan jefa masa magana a fakaice, in ce na ji a rediyo an fara barin wasu kaya suna shigowa. Sai ya ce, "Haka ne?" ya ci gaba da shan shayinsa.

Wata Alhamis ya dawo da baƙar leda ya ajiye a kan kujera. Na buɗe, sai ga bulus ɗinsa, farar rigar da yake sawa a labo. Duk tsawon zamanmu ba ya kawo ta gida sai in tana son wanki.  Na ce wanki ake so, ashe zai koma. Na jiƙa ta daban, na sa mata bula, na cuɗa wuyan da hannuwan. Tabon rawaya na aljihu da ƴan hujojin da sinadari ya ci a gaba ba sa fita, na san su kamar tafin hannuna. Na shanya, na goge da dutsen guga, na rataye ta a ƙusar bakin ƙofa inda ba zai fita bai gan ta ba.

Litinin ta zo, ya ɗauki jakarsa, ya wuce ta. Na ce mantuwa ce. Ta kwana a ƙusa har mako ya zagayo, ƙura ta hau kafaɗunta. Na sauke na sake wankewa. Haka muka yi ta yi, ni da rigar nan, har sanyi ya shigo ya fita. Bai taɓa ce mini in daina ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ba. Duk ranar wanki ita nake fara jiƙawa.

Ran nan da hantsi ina bakin famfo, rigar tana cikin baho, auta tana tsugune a gefena tana wasa da kumfa. Lokacin ba ta daɗe da shiga lakwal, makarantar boko, ba, haƙoranta na gaba sun fita. Ta daɗe tana kallon hannuna. Ta waiga ta dubi ƙofa, ta ga ba kowa, ta matso har numfashinta yana taɓa kunnena.

Ta ce, "Mama, ki daina wanke ta. Baba ya ce ba zai ƙara sa ta ba, in na girma in ɗauka. Ya ce kar in gaya miki, wai za ki yi kuka."